Yaranmu na Jidda da Makka, wa zai faɗa musu gaskiya?

A ƙasar nan ta Saudiyya haihuwa bata ba yaro takardar zama. Ko a Jarwal aka haifeka kana jiyo kiran sallar Harami daga ɗakin mamanka, indai babanka ba ɗan ƙasa bane to kai baƙo ne, igamarka, wato takardar zamanka, tana ƙarƙashin ta babanka, tasa tana hannun kafil, ubangidan da ya tsaya masa, ranar da ta sama ta mutu ta ƙasa ma ta bita. Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Makka ko Jidda ko Madina yasan da wannan. Abinda yake ɗaure min kai shine yadda mu manya zamu zauna da yaro tun yana rarrafe har ya fara gemu, muna cin abinci a faranti ɗaya, bamu taɓa zaunar dashi munce kai wane zo kaji yadda lamarinka yake ba. Sai dai ya gano da kansa, ko ranar da 'yan ajinsu suke hirar jami'a aka ce masa kai naka tsarin daban ne, ko ranar da motar jawazat, jami'an shige da fice, ta tsaya a bakin layi.

Mu 'yan Afirka ta Yamma da ake ce wa takari a nan ba yau muka zo ba. Kakanninmu da ƙafa suka taho, ta Barno ta Chadi ta Darfur, su tsaya suyi noma a hanya su tara guzuri su ƙara gaba har Sawakin su hau jirgin ruwa, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru mutanensa suka yi gabas, wasu suka yada zango a Sudan a Mai Wurno wasu suka ƙetaro. Waɗanda suka karɓi takardar ɗan ƙasa tun lokacin da samunta bai yi wuya ba, jikokinsu ne Hausawi ɗin da kuke ji, irinsu Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a kofin duniya na Rasha a 2018. Su sun tsira, Allah ya ƙara musu, ba akansu nake magana ba. Ina magana akan jikan tsohon da yace shi baya son takardar kowa tunda bayan hajji mai zuwa gida zai koma, hajji mai zuwa hajji mai zuwa har aka sallace shi a Harami, da ɗan wanda yazo umara ya zauna, da ɗan wanda yake da igama da can ta mutu ya kasa tada ita.

Da ana lallaɓawa a haka rayuwa tana tafiya. Abin ya fara matsewa a 2013 da aka bada wa'adin gyara takardu, wa'adin ya ƙare farkon Nuwamba aka shiga kame ba ji ba gani. A 2016 aka ce sayar da waya da gyaranta na 'yan ƙasa ne kaɗai, kuma duk wanda yasan titin Falasɗin a Jidda yasan yaranmu nawa suka koyi buɗe waya da canjin sikirin a ƙananan shagunan nan, dare ɗaya sana'a ta fita hannunsu. Sai babbar, kuɗin murafiƙin da aka fara a Yulin 2017, duk wanda yake ƙarƙashin igamarka zaka biya masa riyal 100 a wata, shekara na zagayowa ya koma 200, ya koma 300, daga Yulin 2020 ya tsaya a 400. Toh yi lissafi da kanka, magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar 2,400 kenan duk wata, ba'ayi maganar haya ba ba'ayi maganar shinkafa ba, mutumin da albashinsa gaba ɗaya bai kai dubu uku ba. Wasu suka kwashe iyali suka maida gida, wasu kuma suka bar igamar yaran ta mutu suna cewa in Allah ya hore za'a biya. Igama kuwa in ta mutu karatu ya shiga tangal-tangal, don tsarin Nur da ake rajistar ɗalibai dashi lambar igama yake tambaya, layin waya ma baka isa ka yanka da sunanka ba. Yaro haziƙi yana aji biyu na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, kawai sai ka ganshi bakin titi da bokiti da tsumma yana wankin mota.

Amma ni a wurina abinda yafi yiwa tarbiyyar yaran nan illa shine rusau ɗin Jidda da aka fara ƙarshen 2021 aka shiga 2022 ana yi, unguwanni sama da sittin, Gulel, Karantina, Bitrumin, Sabil, Kandara, Hindawiyya, Nuzla, Bani Malik da sauransu. Ni ba siyasa nazo yi ba, ƙasarsu ce, kuma duk wanda ya zauna Karantina yasan akwai ƙazanta akwai ƙwaya akwai lungun da ko motar asibiti bata shiga, ba sai an faɗa masa ba. Sai dai unguwar nan da ake wa kallon ba komai ba ita take riƙe da yaran. Akwai malamin allo da yasan wannan ɗan wane ne wancan jikan wance ne, akwai tsoho mai tsire a bakin masallaci wanda in ya hango yaro da mutanen banza kafin yaron ya isa gida labari ya rigashi, akwai inna mai waina da take ciyar da marayun layi bata taɓa kiran abin da sunan taimako ba, akwai bakanike da zai ce turo min shi gobe ya dinga miƙo min sifana. Babu wanda ya rubuta wannan a takarda balle ya raɗa masa suna amma shine duk shirin kula da matasa da muke dashi. Aka zo aka rubuta ikhla, wato a tashi, da jan fenti a bango, katafila ta biyo baya, kowa ya kama gabansa, wani Bahra wani Makka wani gida. Diyya da matsugunin da aka bayar na 'yan ƙasa ne, mu dama 'yan haya ne, hayar kuma ta yi tashin gwauron zabi. Yanzu yaro yana zaune a bene hawa na uku maƙwabcinsa ko sunansa bai sani ba, uba ya fita tun asuba, uwa tana gidan aiki, mai bashi shawara TikTok.

'Yan uwa da suke Turai da Amurka in muna hira sai suce to ku kafa ƙungiya mana kuyi rajista ku nemi tallafi, mu nan ga shirye-shirye birjik na yaran 'yan gudun hijira. Murmushi kawai nake yi. Saudiyya bata sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, babu wani matsayi irin wannan da hukuma zata baka, 'yan Yaman ma da yaƙi ya hana komawa katin ziyara aka basu a 2015. Ƙungiyar agaji ɗan ƙasa ne yake kafa ta, tara kuɗi a hannun jama'a ba izini laifi ne, sadaka ta hanyar da hukuma ta sani ake so ta bi irin manhajar Ihsan. Ga kuma ma'aikatar cikin gida duk mako sai ta fitar da adadin waɗanda aka kama, a ƙasan sanarwar ta tuna maka cewa wanda ya ɗauki mutumin da ya shigo ta ɓarauniyar hanya a mota ko ya bashi masauki zai iya shan ɗaurin shekara 15 da tarar riyal miliyan ɗaya. A haka wa zai kafa allo a ƙofar gida yace nan ce cibiyar yara marasa takarda.

Duk da haka akwai abu ɗaya da na tsinta a wajensu kuma na riƙe. A Amurka akwai Big Brothers Big Sisters, tun 1904 aka faro shi daga New York, tsarin ba wani abu bane illa a haɗa babba ɗaya da yaro ɗaya su dinga haɗuwa. A 2002 aka fitar da wani bincike akan yaran shirin, aka ga waɗanda alaƙar ta kai shekara ko ta wuce sune suka fi amfana, a karatu da zamansu da iyaye, waɗanda kuma aka rabu kafin wata uku baya suka koma, har ganin ƙimar kansu sai da ya ragu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan kuwa kamar damu aka yi shi don mu mutanen zafin Ramadan ne, goman ƙarshe zuciya tayi laushi a buɗe guruf a WhatsApp a sa masa suna mai daɗi, a tara yara a istiraha, gidan shaƙatawa na haya, a yanka rago ayi kabsa, a kira mai jawabi yayi musu wa'azin himma a ɗau hoto. Bayan sallah kowa ya ɓace, lokacin hajji kuwa ba'a magana kowa yana neman na shekara. Yaron da aka yi tarhil ɗin babansa, wato aka kore shi daga ƙasar, yana ƙarami, kazo kace masa daga yau ni ne babanka, kafin sallar layya ka daina ɗaga wayarsa, dan Allah me ka koya masa in ba cewa manya dama haka suke ba.

Ni gyaran mukayyif nake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki, igamata ma akan sana'ar take, kuma abinda muke yi ni da wasu 'yan uwa ƙalilan bashi da suna bashi da asusu. Kowa ya riƙe yaro ɗaya ko biyu cikin dangi da tsofaffin maƙwabta, sharaɗin kawai kar ka ɗauka in kasan baka kai shekara. Bana fita dasu wajen kastoma, doka bata yarda ba, in aka kama mu ni da shi muka tafi tare wa ya amfana. Sai dai ranar Juma'a bayan la'asar a saman bene inda nake tara matattun mukayyif.

Wanda nake riƙe dashi yanzu shekararsa sha bakwai, a Gulel aka haife shi, babansa mutumin Haɗeja ne. In yana waya da Larabci baka taɓa cewa ba ɗan Balad, tsohon garin Jidda, bane, Hausarsa kuwa ta aike ce da ta faɗa, kawo moya (ruwa), ina jawwal (waya) ɗina, shikenan. Hannunsa yana da kyau wallahi. Waldar bututun jan ƙarfe da take ba manya wahala shi kallo yayi ya karɓi wutar, yasan lokacin da ƙarfen yayi ja daidai, ya ɗora sandar ta narke ta zagaye gaɓar tsaf ko ɗigo babu. Rannan ya gama ya kashe wuta yana jiran yabo, sai na juyo masa kwampreso na nuna rubutun da yake jiki nace karanta min. Lambobin ya gane, harufan kuma ɗaya ɗaya yake tsintarsu yana haɗawa yana warwarewa. Nace daga yau lokacinmu rabi walda rabi boko, Hausar boko da Turanci.

Yace "Ammi ni me zanyi da Hausar boko, ana maulud hina, nan aka haife ni, nan zan zauna."

Nace "Ɗana Allah ya zaunar da kai, nima addu'ata kenan. Amma igamarka yaushe rabonta da rai?"

Yayi shiru yana wasa da sandar walda. Nace in aka tare ka gobe a hanyar kasuwar Haraj, Shumaisi za'a kaika inda ake tsare waɗanda za'a kora, a ɗau basma wato hoton yatsa, jirgin da za'a saka ka kuma ba Riyad zai sauka ba, ranar kana so ka sauka da sana'a a hannu kana iya karanta allon titi ko kana so ka sauka da jallabiya ɗaya da silifas. Bai ji daɗi ba ko kaɗan, ya ɗauke ƙafa kwana biyu, ni kuma duk Juma'a sai na kira ko bai ɗauka ba, daga baya ya dawo da kansa da littafi a aljihu bai ce komai ba nima ban tada maganar ba.

Mamansa ce ta kirani da faɗa. "Alhaji na baka yaro ka koya masa sana'a ne ko na baka kayi masa mugun baki? Wane irin tarhil kake kira wa ɗana, a ƙasa mai tsarki fa na haife shi." Nace "Hajiya ba fata nake masa ba, ba'a fafe gora ranar tafiya, ki taimaka ki kawo min takardunsa in gani." Da ƙyar ta kawo, cikin tsohuwar ledar shinkafa an naɗe da ɗankwali. Takardar haihuwa tayi laushi ta yage a lanƙwasa an liƙe da salatif, katin rigakafi, sakamakon ibtida'i wato firamare duk mumtaz, maki mafi girma, da fasfon da aka yi masa yana jariri, a hoton ma barci yake. Sunan yaro ɗaya amma iri uku, nan an sa sunan kaka, can ba'a sa ba, a fasfo kuma wanda ya cike ya rubuta yadda kunnensa yaji. Ina cikin jerawa nace ina na ƙanwarsa, sai ta sunkuyar da kai tace ai ita a gida aka haife ta bayan igama ta mutu, ko takardar asibiti bata da ita. Yarinya tana gudu tana wasa a gabanmu amma babu wani littafi a duniya, na nan ko na Najeriya, da yasan da zamanta.

Rabin riƙon yaro a ƙasar nan aikin takarda ne, kuma aiki ne mai gundura shi yasa babu mai so, yafi sauƙi ka tsaya ka yi nasiha. Fasfon Najeriya yanzu sai da NIN kuma suna sai yazo ɗaya, to a fara daidaita sunan tun ana nan a bi layin ƙaramin ofishin jakadanci na Jidda. Takardun makaranta a kai a buga musu hatimi tun kana ƙasar, daga Kano baka da hannun da zai kai nan. Komai a ɗau hotonsa a waya a tura wa wani amintacce a gida, don ranar da aka tare yaro a titi ledar tana ƙarƙashin katifa shi kuma yana Shumaisi.

Kar a ɗauka cewa nake kowa ya tattara ya tafi. Wanda igamarsa take da rai akwai ƙofofi, ƙanana ne amma akwai. Jami'o'i irinsu Ummul Ƙura da Malik Abdul'aziz da Jami'ar Musulunci ta Madina suna da minha, wato tallafin karatu, ta cikin gida wadda aka ware wa baƙi mazauna ƙasar, sai dai gurbin kaɗan ne, ana duba sakamakon sanawi wato babbar sakandare da jarabawar shiga jami'a ta Ƙudurat da Tahsili, akwai kuma iyakar shekaru, to yaron da ba'a fara yi masa maganarta tun ajin farko na sanawi ba sai bayan ya gama ya zauna shekara uku a gida an riga an makara. Halaƙar haddar Alƙur'ani a masallatai ma ta riƙe mana yara da yawa. Namiji kuma ba zai dawwama a igamar babansa ba, dole wata rana ya samu nasa kafil ɗin, shi kuma mai kamfani riyal 700 zuwa 800 yake biya wa hukuma duk wata akan kowane baƙon ma'aikaci, ba zai biya wannan akan wanda bai iya komai ba don kawai an haife shi a Jidda. Su kuma yaran duk ƙwallo ce a kansu tunda aka buɗe wa mawalid, wato baƙin da aka haifa a nan, ƙofar kulob, kowa gani yake shine na gaba. Ban hana kowa buga ƙwallo ba, ka buga abinka, ranar Juma'a kazo mu buɗe firij.

Ɗaya ƙarshen igiyar, wato can gida inda ake sauke su, shine muka fi sakaci dashi. A ƙarshen Janairun 2021 kaɗai ɗaruruwan 'yan Najeriya aka kwaso daga wuraren tsarewa aka sauke a Abuja, kuma ba'a daina ba har yau, kaɗan kaɗan jirgi yana ta kaiwa. Ɗan wani abokina da aka sauke a Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a bidiyo, ya kirani yana kuka, babba dashi. Dangi sun karɓe shi da murna sun ɗauka riyal ya zo dasu, da aka ga ba komai fuska ta canza. Mai adaidaita yana jin Hausarsa ya ninka kuɗi, yara suna kwaikwayon maganarsa, ya shiga ofis an miƙo masa fom ya riƙe yana kallo, ga zazzaɓin cizon sauro da jikinsa bai taɓa sani ba. A nan ana ce masa takari can ana ce masa ɗan Saudiyya. Kuma abin haushin yaron yana da abin sayarwa bai sani ba, Larabcin da yake bakinsa mutane shekaru suke yi a makaranta basu kai shi ba, ga islamiyyu suna neman malami, ga kamfanonin hajji da umara, ga 'yan kasuwa masu sarin abaya da turare da suke buƙatar mai yi musu magana da Larabawa. Wanda yake son karatu akwai jarabawar NBAIS ta makarantun Larabci da addini da za'a iya shiga jami'a da ita, ga sashen Larabci a Bayero, sai dai JAMB ba makawa sai da Turanci shi yasa nake matsa wa nawa yaron. 'Yan Nijar kuma ga Jami'ar Musulunci ta Say, ga makarantun Faranko Arab. Babu wanda ya faɗa masa ko ɗaya daga ciki kafin ya tafi. Sana'ar ma sai a duba wadda zata ci a can, mukayyif a garin da wuta bata zama kasuwarsa 'yar kaɗan ce, shi yasa na ƙara musu firij da firiza da haɗa sola da inbata, nima kaina a waya nake ƙara koyon na solar ina koya musu.

Akwai kuma masu ɓata abin, gara in faɗa. Wani ubangidan zai ɗauki yaro da sunan koya masa aiki, shekara da shekaru yaro yana shara yana wanke masa mota yana kai yaransa makaranta, ba'a taɓa barinsa ya riƙe sifana ba, ba sisi, ranar da ya buɗe baki ace masa kai da baka da igama, kira ɗaya zanyi. Bahaushe ɗan uwansa fa. Shi yasa a tsakaninmu muka ce uwa ko uba dole su san inda yaro yake da lokacin tashi, ba keɓewa da yaro a ɗaki a rufe ko kai waliyyi ne, kuma wani daga cikinmu ya dinga tambayar yaron shi kaɗai yaya ake ciki.

Mata kuwa sun fi shiga uku don su ba'a ganinsu a titi, to sai a ɗauka lafiya suke. Yarinya ta bar makaranta ta bi mamanta aikatau, sha shida sha bakwai a ɗaura mata aure a ɗaki da malam da shaidu biyu ba takardar kotu, da wani wanda shima bashi da igama, ta haihu a gida, an sake sabon layi na marasa takarda kenan. Maiɗakina ita take zama da 'yan matan, ɗinkin abaya da lalle da haɗa humra da turaren wuta da girkin mandi da kabsa na biki, duk abubuwan da in aka sauke mace a Kano ko Maraɗi washegari zata iya fara cin abinci dasu, tana haɗa musu da karatun boko. Faɗanta da iyaye kullum ɗaya ne, a jinkirta auren nan har a samu takarda, kuma ba kullum take cin nasara ba.

Wani lokacin ina kallon Barmawan Makka, Musulmin Rohingya na ƙasar Burma, ina jin kishi mai kyau. A 2013 aka gyara musu zama aka basu igama ta shekara huɗu kyauta, yaransu suka samu makaranta da asibiti da damar aiki. Nasan lamarinsu daban ne, su ƙasarsu ce ta kore su ta hanasu zama 'yan ƙasa, mu muna da inda za'a maida mu. Amma sun kasance da shugabanni da aka sani da makarantunsu da jerin sunayen mutanensu, da hukuma ta tashi yi musu abu ta samu wanda zata zauna dashi. Mu kuwa ɗan Kano daban, ɗan Damagaram daban, ɗan Sakkwato daban, Hausawan Sudan daban, kowa da sarkinsa. Ga shi tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 jiragen ruwa suka dinga tasowa daga Bur Sudan zuwa Jidda, bayan garin Madani ya faɗi a Disambar shekarar kuma 'yan uwanmu na Jazira da Sinnar suka ƙaru a gidajen dangi da bizar umara da ta ziyara ana ta sabuntawa. Yaransu sun ga abinda ido bai kamata ya gani ba, wani ƙarar tayar mota ta fashe sai ya shige ƙarƙashin gado, kuma yawancinsu masu karatu ne da yaƙi ya katse, su ba sana'a ce damuwarsu ta farko ba, wanda zai zauna dasu ya bi musu hanyar jarabawar shahadar Sudan ta gama sakandare suke nema. Cikinmu babu wanda yasan kan wannan sosai, malaman Sudan da suke aiki a nan muke roƙo suna duba mana su.

Abinda muke nema yanzu mutane ne a gida, Kano, Kaduna, Haɗeja, Maraɗi, Damagaram, mai shagon gyaran firij ko sola ko gareji ko shagon ɗinki, wanda in muka ji an kama yaro zamu kira shi yaje filin jirgi ya tarbe shi, ya bashi wurin kwana, ya raka shi ofishin NIN, ya nema masa ajin yamma, ya tsaya tsakaninsa da dangin da suke jiran riyal, kuma ya hana yaran shago yi wa Hausarsa dariya har bakinsa ya faɗa. Kuɗin abinci da na mota na watannin farko mu nan zamu cire daga aljihunmu mu turo. Amma kafin mu haɗa ka da ɗan mutane sai mun tambayi limamin unguwarku da wani dattijo waye kai, kuma sharaɗin da muka ɗora wa kanmu kaima zai hau kanka, shekara guda cur, in kasan baka iyawa ka faɗa tun yanzu mu nemi wani.